Layinmu Ya Ci Zaɓe

SAADATOU: Salamu alaikum. Ruƙayya ce?

RUƘAYYA: Wa alaikumus salam, Anti Saadatou. Ina wuni?

SAADATOU: Lahiya lau. Ina gajiya? Ina karatu?

RUƘAYYA: Karatu da godiya. Ya maigida, Alhaji Chaïbou? Ya su Nadia?

SAADATOU: Suna lahiya. Ina labarin Kano? Mama ta ji sauƙin ƙafar?

RUƘAYYA: Da sauƙi sosai. Anti, muryarki na yankewa.

SAADATOU: Bari in fito daga kicin. Yanzu fa?

RUƘAYYA: Yauwa. Na ji an ce kin samu aiki, ban kira na yi miki murna ba.

SAADATOU: Gidan kula da tsofaffi, can McLeansville. Wata takwas ina cika takardu, ƙanwata. Litinin zan fara, shida na safe. Shi ya sa ma na kira ki, ke da kike aiki a ofishin tsara birni.

RUƘAYYA: Koyon aiki nake, Anti. Fotokofi nake musu.

SAADATOU: Duk ɗaya, kina ciki. Taram ɗin nan, wace rana za ya fara biyowa ta unguwarmu, Glenwood?

RUƘAYYA: Wane taram?

SAADATOU: Na cikin gari mana, mai kama da tarago, wanda ake shiga kyauta. Wanda anka ce za a ƙara ma hanya. Ba layinmu ya ci zaɓe ba?

RUƘAYYA: Zaɓe kuma? Au, mitin ɗin nan na laburare, da aka kafa taswira kowa ya manna sitika inda yake so motar ta bi?

SAADATOU: Shi. Alhaji bai yi wasa ba. Sati biyu yana kamfe. Bayan Juma'a ya tsaya ƙofar masallaci, ya bi shagunan mutanenmu ɗaya ɗaya, ya ɗebo jama'a mota bakwai. Ni na dafa shinkafa tukunya uku. Har ɗan kwali iri ɗaya munka ɗaura.

RUƘAYYA: Ashe ku ne.

SAADATOU: Mu ne mi?

RUƘAYYA: Anti, ni aka ba taswirar in ƙirga. Layinku ko ganinsa ba a yi, sitika kan sitika har ta yi tudu. Ɗari uku da wani abu. Oganmu ta ɗauka yara ne suka yi wasa.

SAADATOU: Yara? Maƙwabcinmu Alhaji Sanda da gemunshi fari, sitika tara ya manna shi kaɗai.

RUƘAYYA: To ai ɗaya aka ce kowa ya manna.

SAADATOU: Sun bar kwalin a buɗe, babu mai tsaro. Laifin wa? Bon, to, mun ci ko ba mu ci ba?

RUƘAYYA: Ba zaɓe ba ne, Anti. Jin ra'ayi ne kawai. A rubuta rahoto, a kai wa kwamiti, kwamiti ya nemi a yi nazari, in an samu kuɗin nazarin.

SAADATOU: Sannan a shimfiɗa ƙarfen?

RUƘAYYA: Wane ƙarfe? Kin taɓa duba ƙasanta? Tayoyi gare ta. Bas ce aka yi wa kwalliya.

SAADATOU: Alhaji ya ce irin na Faransa ne. Ya yi wata uku can wajen ƙanenshi, ya ce in dogo ya biyo ta ƙofar gidanka, kai da mota har abada.

RUƘAYYA: Allah ya ba Alhaji haƙuri. Glenwood tana mataki na uku a tsarin. An rubuta wajen dubu biyu da arba'in.

SAADATOU: Ƙarfe biyu da arba'in? Na rana? Ai ni shida na safe nike so.

RUƘAYYA: Shekara, Anti. Shekarar dubu biyu da arba'in. Kuma ko ta zo, McLeansville ba ta cikin taswirar ma. Halo? Anti? Kina ji na?

SAADATOU: Ina ji. Zama na yi.

RUƘAYYA: Kar ki damu kanki. Ba kina da motarki ba? Minti ashirin ne.

SAADATOU: Motata tana cikin kontena.

RUƘAYYA: Na'am?

SAADATOU: Washegarin zaɓen Alhaji ya kai ta. Ya ce tunda taram na zuwa, mota biyu a gida almubazzaranci ne, ga wanshi can Dosso yana yawo bisa babur. Jiya jirgin ya tashi zuwa Kotonu.

RUƘAYYA: Innalillahi. Kuma kika yarda?

SAADATOU: Na yi gardama. Ya nuna mani hoton taswirar cikin wayarshi, ya ce ga hujja, Amirka ba a murɗe zaɓe. Sau huɗu na faɗi jarabawar tuƙi kafin in samu permi, Ruƙayya. Raina ya ɓaci, ba kaɗan ba. In ban je Litinin ba, wata za su ɗauka.

RUƘAYYA: A kira wan nasa mana, a yi masa bayani.

SAADATOU: Ya riga ya gina mata rumfa. Ya aiko bidiyo, matanshi na guɗa.

RUƘAYYA: Ni kuwa ko mota ba ni da ita, da na kai ki. Alhajin ba zai sauke ki da tasa ba?

SAADATOU: Biyar yake fita, kuma Summerfield yake nufa, ni gabas shi arewa. Kin san inda yake yanzu? Ga shi can bakin titi, shi da Alhaji Sanda, da igiyar awo. Suna gardamar ƙofar wa za a sa tasha.

RUƘAYYA: Anti, don Allah kar ki ce ni na faɗa. Alhaji yana ganin mutuncina.

SAADATOU: Ba zan ce mishi komai ba.

RUƘAYYA: To ya za ki yi? Mene ne wannan ƙarar?

SAADATOU: Makullin motarshi ne. Bisa tebur ya bar shi, yanzu yana cikin jakata.

RUƘAYYA: Shi kuma da me zai je aiki?

SAADATOU: Shi ya ci zaɓe, shi za ya jira taram. Ga shi nan shigowa, sai an jima.