Ɗaki Mai Sabuwar Ƙofa

A tashar mota, wata ɗaliba da ta zo karatu daga wata ƙasa ta nuna wa wata dattijuwa hoto a wayarta.

"Mama, kin san layin nan? Can na kama ɗaki, yau zan tare. Wurin shiru, daidai karatu."

"Shiru kam. Kin ga yara suna wasa a waje?"

"A'a."

"Shaguna fa?"

"Duk a rufe. Amma ƙofar ɗakin sabuwa ce fil, dillali sai yabonta yake yi."

"'Yata, kin tambaye shi abin da ya sami tsohuwar ƙofar?"

Mota ta iso. Ɗalibar ta ƙanƙame akwatinta, ba ta tashi ba.

"Mama, don Allah, ke a wace unguwa kike?"