Kabewa ta ƙi nutsewa

Ina gaishe ka mai gabatarwa, tare da masu saurare. Ni ne Malam Idi, tsohon manomin rani daga Jiratawa.

Tun da malaman lakwal, wato makarantar boko, suka shiga yajin aiki, jikokina suka buɗe tasu makarantar a tsakar gida. Sun cika daro da ruwa, suna jefa kaya su ga mai nutsewa. Na ce su daina jiƙa riguna, ai mai nauyi ke nutsewa.

Sai Hadiza, 'yar shekara shida da nake kira amaryata, ta rungumo kabewa da ƙyar ta saka. Kabewa ta yi zamanta bisa ruwa. Hadiza ta jefa allurar kakarta, allura ta wuce ƙasa.

Ta ce, "Angona, allura ta fi kabewa nauyi ke nan? Ba ni ƙara kawo maka fura sai ka faɗi dalili."

Yau kwana uku da kaina nake ɗauko furata, kuma ban ji haushi ba. Wanda ya san dalilin ya taimaki tsoho. Amma a karanta amsar da hantsi, lokacin tana gidan maƙwabta.