Awon Waifai da Makullin Malamar Laburare

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Mai girma shugaban wannan taro, mai girma shugabar makarantarmu, 'yan kwamitin iyaye da malamai, malamanmu maza da mata, iyayenmu da suka baro aiki da kasuwa suka zo, da 'yan'uwana ɗalibai da ke tsaye a baya saboda kujeru sun ƙare, ina gaishe ku gaisuwar ƙarami ga manya.

Ina gode wa Allah da ya tara mu lafiya. Ina gode wa shugaban taro da ya ba ni minti goma, da Shugaba da ta ba ni izinin aikin da zan yi bayani a kansa. Ni ɗalibar ajin ƙarshe ce, kuma ba ni aka saba turowa gaban jama'a ba. Abin da zan faɗa a rubuce yake, don haka a yi mini uzuri idan idona ya fi zama a kan takarda.

A jerin abubuwan da kwamiti zai yanke yau, na huɗu shi ne a katse waifai, wato intanet, na laburare, a kwashe kwamfutoci goman da ke ciki a mayar da su ofis. Dalilin da aka bayar ba ɓoyayye ba ne. Zango biyu muna kuka cewa sabis ba ya kai mu ko'ina. Sau uku Injiniyan da ke kula da waifai ɗin yana zuwa, sau uku yana aunawa, sau uku yana rubuta cewa komai lafiya. Sai aka ce ko dai ba mu iya ba, ko kuma hujjar ƙin karatu muke nema. Mu talatin da huɗu ne a ajinmu. Saura mako shida mu zauna jarrabawar shiga jami'a, wadda a kan kwamfuta ake yin ta, kuma yawancinmu ba mu da inda za mu taɓa kwamfuta sai a wannan ɗakin. Har zuwa makon jiya, babu ɗaya daga cikinmu da ta taɓa kai ƙarshen jarrabawar gwaji. Shafin yakan tsaya a tambaya ta huɗu ko ta biyar, ya yi ta juyawa har a kaɗa ƙararrawa.

Magana ta farko ita ce yadda aka yi awon.

Yayata tana karanta ilimin kwamfuta a jami'a. Malaminsu, wanda suke kira Dakta, ya ba su aiki: kowa ya zaɓi gini ɗaya, ya nemi izinin masu shi a rubuce, ya zagaya ya rubuta duk waifai da na'urarsa ta jiyo, da ƙarfin kowanne, da tashar da yake kai, sannan ya zana taswira ya yi sharhi. Ta zaɓi laburarenmu, saboda a cewarta ta gaji da jin ƙorafina a kan abinci. Ranar wata Asabar muka zo, Malamar laburare ta buɗe mana. Yaya ta auna tsawon ɗakin da faɗinsa, ta ba ni alli na yi alama a wuri goma sha biyu a ƙasa: bakin ƙofa, gaban kowane layin tebur, tsakanin kantocin littattafai, da kusurwa huɗu. A kowace alama sai a tsaya, a ƙirga talatin, a rubuta lambar da ta fito.

Lambar nan tana da wani hali da ya kamata in bayyana. Ƙaramarta ita ce mai kyau. Arba'in ko hamsin, sabis yana da ƙarfi. Saba'in, yana jan ƙafa. Tamanin zuwa sama, sai a ce babu. Yaya ta ce: "Nan ne kaɗai wurin da mai arba'in ke yi wa mai tamanin dariya."

Mun jiyo waifai goma sha ɗaya, ɗaya namu, goma na maƙwabta. Wani ya sa wa nasa suna "Sayi naka", wani kuma "Ba na bayarwa". Ba mu shiga ko ɗaya ba, ba mu kuma gwada ba. Yaya ta ce aikinmu ƙirga ƙofofi ne, ba taɓa su ba.

A ranar, namu ya ba da tsakanin arba'in da biyar da hamsin da takwas a duk alamomin. Yaya ta zana tauraro a kan teburin Malama, inda akwatin waifai yake zaune yana ƙifta fitilunsa. A hanyar gida ta ce mini: "Auta, sabis ɗinku ya fi na jami'armu. Ku dai ku ce karatun ne ba ya shiga." Wannan ya zama karo na huɗu da aka auna aka ce lafiya.

Magana ta biyu ita ce abin da ya sa aka sake awon.

Dakta ya mayar mata da aikin. Ya rubuta da jan biro a shafin farko: "Kin auna gini, ba ki auna makaranta ba. Koma lokacin da mutane ke ciki." Ita tana da darasi a ranakun mako, don haka ta saka manhajar awon a wayarta, Shugaba ta sa hannu a takardar da ta ba ni damar shigowa da waya, aikin ya dawo hannuna. Na auna Litinin, Talata da Laraba, sau uku kowace rana: da safe, da hutun tara, da bayan tashi. Alamomin allin suna nan, na roƙi masu shara kada su goge.

A wurin da Asabar ta ba da hamsin, Litinin ta ba da tamanin da huɗu. A layin teburin baya, wayar ba ta ma ga waifai ɗin ba. Da safe haka, da hutu haka, bayan an tashi ɗaki ya zama fayau ma haka. Ashe ba yawan mutane ba ne.

A nan dole in faɗi nawa laifin. Tun ranar Litinin na lura cewa babu akwatin a kan teburin Malama. Rajista ce kawai da hatimi da kofin shayinta. Na gani, na kasa tambaya. Sai daren Laraba, da Yaya ta baza lambobin a kan tabarma ta rasa gane kansu, ta ce: "Ke, tauraron nan yana inda na zana shi kuwa?" Na ce: "Yaya, ba ya nan." Ta ce: "Tun yaushe?" Na ce: "Tun Litinin." Ta ajiye biro ta dube ni ta ce: "Allah ya shirye ki, Auta. Kwana uku! Da gobara ce ma sai kin jira an ba ki izinin ihu. Gobe ki manta da alli, ki bi lambar. Inda ta ragu, can yake."

Ranar Alhamis na bi lambar. Daga ƙofa tamanin da shida. Na wuce kantar lissafi, tamanin. Na wuce teburin Malama, saba'in da biyar. Na isa kusurwar da babban kabad ɗin ƙarfe yake, wanda ake ajiye takardun jarrabawa a ciki, na kara wayar a tsagar ƙofarsa: sittin da biyu. A bayansa akwai wani rami ƙarami, wayoyin lantarki biyu sun shiga ta nan.

Magana ta uku ita ce dalili, kuma ita ce na fi so a saurara.

Kafin in zo nan na nemi izinin Malamar laburare. Ta ce: "Faɗi, 'yata. Amma idan kin faɗi abin da na yi, ki faɗi abin da ya sa."

Shekara biyu da suka wuce, na'urar haska darasi ta ɓace daga laburare. Ba a gano wanda ya ɗauka ba. Malama ce ta rubuta takardar bayani, ita ce ta tsaya gaban kwamiti, ita ce ta yi wata guda tana shiga ɗakin malamai ana yin shiru. Da aka kawo akwatin waifai, aka ba ta takarda ta sa hannu cewa yana wuyanta, idan ya ɓace ita za a tambaya. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Sai ta sa aka huda bayan kabad, ta jona akwatin a ciki, ta kulle. Kullum da safe takan buɗe ta duba, ta ga fitilunsa suna ci, ta mayar ta rufe. Idan Injiniya zai zo, yakan yi waya tun ana gobe zai zo, sai ta fito da shi ta goge ta ɗora a tebur, don kada ta ɓata wa baƙo lokaci. Ranar Asabar ma haka ta yi wa Yaya. Duk wanda ya zo aunawa, an karrama shi da akwati a kan tebur. Mu da muke 'yan gida, kabad muke samu.

Da na nuna mata lambobin, ta duba su, sannan ta ce: "Ikon Allah. An ce mini abin nan yana ratsa bango. Abin da ya ratsa bulo da siminti, kabad ne zai gagare shi?"

Tambayar mai hankali ce, kuma ni ma ban san amsarta ba sai da Yaya ta gaya mini. Bango yana rage sabis, katako yana rage shi kaɗan, amma ƙarfe mayar da shi baya yake yi. Babu wanda ya taɓa faɗa wa Malama haka. An ba ta takardar sa hannu, ba a ba ta takardar bayani ba. Injiniya bai yi ƙarya ba, abin da ya gani ya rubuta. Mu ma ba mu yi ƙarya ba. Malama kuma amana ta riƙe, ta riƙe ta da kyau har ta hana ta numfashi. Rashin sani ne ya sa kaza ta kwana a kan dami da yunwa, kuma zango biyu dukanmu a kan damin muka kwana.

Ranar Juma'a, da hannunta ta fito da akwatin, ta zauna kusa da shi kamar mai jinya. Na sake bin alamomi goma sha biyun: daga arba'in da bakwai zuwa sittin da ɗaya. Mu goma muka zauna jarrabawar gwaji, tara suka kai tambayar ƙarshe. Ta goman tana kusurwar baya, kuma Yaya ta ce waifai uku na maƙwabta suna tasha ɗaya da namu, kamar mutum huɗu suna magana lokaci guda a ɗaki ɗaya. Wannan gyaran minti biyar ne ga Injiniya. Taswirar da duk lambobin suna hannun sakataren taro, ga duk mai son dubawa.

Saboda haka, da ladabi, muna roƙon kwamiti ya janye abu na huɗu, ko aƙalla ya ɗaga shi har bayan jarrabawarmu, domin ba a fafe gora ranar tafiya, kuma mako shida ne kawai ya rage mana mu fafe namu. Muna roƙon a kafa akwatin a bango, sama da inda hannu ke kaiwa, a cikin kejin katako mai kwaɗo. Muna roƙon Injiniya ya riƙa zuwa ba tare da ya yi waya ba.

Amma duk wannan ba zai tsaya ba muddin takardar nan tana nan. Idan aka bar ta a wuyan mutum ɗaya, duk wanda ya zauna a wannan kujera, komai iliminsa, kabad zai nema. Muna roƙon a karɓe takardar nan daga wuyan Malama, kayan ya zama a wuyan makaranta.

Yau da safe na biya ta laburare. Akwatin yana cikin kabad, domin har yanzu sa hannunta yana aiki, kuma ban ga laifinta ba. Ta zare makullin kabad ɗin daga cikin makullanta ta ce: "Kai musu. Ki ce idan sun karɓi takardar, su riƙe makullin. Idan ba su karɓa ba, su dawo mini da abina kafin a tashi."

Mai girma shugaban taro, ga shi nan na ajiye a gabanka.

Allah ya ba kwamiti ikon yanke abin da ya fi alheri. Allah ya saka wa malamanmu, wanda ya koyar da wanda ya tsare kaya. Allah ya ba iyayenmu lafiya da tsawon rai, ya nuna musu sakamakon wahalarsu. Allah ya sa mu talatin da huɗun nan mu kai tambayar ƙarshe. Allah ya mayar da kowa gidansa lafiya.

Na gode.