A-kori-kurata Ba Ta Ƙara Gaban Bakanike

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa, barka da aiki. Bello direba ne daga Lambara.

A-kori-kurata ta ishe ni. Duk sadda na loda albasa na kama hanyar Bodinga, ina taka totur sai injin ya kama ƙara, kamar ana kaɗa tsakuwa cikin gwangwani. In na sauke kaya na kai ta gareji, sai ta yi tsit. Bakanikena ya canza fulogi, na bar shan man bumburutu, ƙarar tana nan. Jiya ya ce mani, "Bello, motarka lafiya lau, kunnenka za a duba."

Masu sauraro, mi ke kawo wagga ƙara? Ko shi zan ɗora bisa buhunan albasa ya ji da nashi kunne?