Sun Toshe Mana Hanyar Maƙabarta

Assalamu alaikum Malama mai gabatarwa, ina gaishe ki da masu sauraro baki ɗaya. Sunana Sale, daga wani ƙauye kusa da Sandamu.

Shekara biyu ke nan da wani kamfani ya saye gonakin yamma da garinmu. Suka tumɓuke gawo da kuka, suka shuka riɗi zalla iya ganinka, suka kewaye da waya. Inda muke haɗa gero da wake, mata su tsinko tafasa, yau ko akuya ba ta samun abin ci. Duk mun haƙura. Amma hanyar maƙabartarmu ta cikin wurin ta bi.

Ranar Talata kawuna Malam Ilu ya rasu. Muka ɗauko makara muka kama hanyar da muka gada, sai mai gadin kamfanin ya tare mu a ƙofar wayar, ɗan garinmu ne ma. Ya ce, "Baba, ku yi wa Allah ku zagaya. Jiya aka yi feshin magani, kuma in na buɗe, a bakin aikina."

Haka muka zagaya ta titi da rana tsaka, babu inuwa ko ɗaya. Dattawa uku suka gaza, suka zauna a hanya. Cikinsu har da aminin mamacin, bai ga rufe shi ba.

Da muka je wurin mai gari, ya ce an riga an sa hannu a takardar cinikin. To Malama, ki tambayar mana masana: wanda ya sayi gona, har hanyar kabari ya saya? Ina za mu kai kukanmu? Don kowannenmu, wata rana ta nan za a ɗauke shi.