Ƙofar Baya Ba Ta Buɗuwa Ta Ciki

A bencin garejin bakanike, wani dattijo yana zaune kusa da wani direba da ake sauya wa motarsa birki.

"Malam, wannan ba tsohuwar motar 'yan sanda ba ce?" in ji dattijon.

"Ita ce, Baba. A gwanjo na saya."

"Tana da ƙarko kuwa?"

"Inji kam ba ya mutuwa. Shekara uku bai taɓa ajiye ni a hanya ba. Ni ne dai na gaji. Ƙofofin baya ba sa buɗuwa ta ciki, kowane fasinja sai na fito na buɗe masa. Rannan na manta surukata a ciki na shiga kanti. Har yau ba ta amsa gaisuwata."

"Ƙarfen nan na ƙasan kujerar baya fa, ka cire shi? Yana cin ƙafa."

Direban ya juyo ya dube shi. "Baba, ai sai wanda ya zauna a bayan ne ya san da ƙarfen nan."

Dattijon ya sunkuya ya shafa idon sawunsa.

"Shekara goma sha ɗaya ke nan da aka ɗauke ni a bayanta," ya ce. "Wallahi na so a ce motar nan ta mutu tuntuni."