Mai Riƙe da Garma

A tashar Tambuwal, motar Kebbe tana jiran cika. Wani dattijo ya juya ga matashin da ke gefensa.

"Ɗiyata Hamdiya tana aiki a wani banki a Legas. Waɗanda suka rubuta tsohuwar manhajar bankin duk sun mutu, ba mai gane ta. Ita ta sa ƙirƙirarriyar basira ta karance ta, tana sabunta ta."

"Baba, ashe na'ura ke aikin."

"Shanu ke huɗa, yaro, amma wa ke riƙe da garma?"

"Gaskiyarka. Ka yi ƙoƙari da ka kai ta jami'a."

Dattijon ya gyara hularsa.

"Uwarta ta kai ta. Ni na ce ɓata lokaci ne. Amma dai da sunana ake kiranta a can."